Bitar Saxon-HE: yadda yake miƙa gaskiya da ƙarya daga XSLT zuwa Java

Kalma ɗaya mai haruffa biyar, wato false, ce ta sa na ɗauko Saxon-HE, injin da ke gudanar da takardun XSLT, na gwada shi, kuma a kanta mafi yawan wannan bita za ta tsaya. Ina kula da wasu takardun XSLT da ke juya rajistar mambobin wata ƙungiya daga XML zuwa shafukan HTML, kuma kowane mamba yana da sifa mai suna bayyana, wadda ake rubuta true a cikinta idan ya yarda a nuna lambar wayarsa, ko false idan bai yarda ba. Ba a cikin takardar ake rufe lambar ba. Wani ɗan aiki ne da aka rubuta da Java yake karɓar lambar tare da amsar e ko a'a, sai ya dawo da ita cikakkiya, ko kuma ya maye gurbin tsakiyarta da taurari. Irin wannan shi ake nufi da aikin ƙari, wato aikin da ba ya cikin harshen XSLT, an rubuta shi da wani harshe dabam, amma takardar tana kiran sa da suna kamar nata ne. Ga layin da ke kiransa:

`<xsl:value-of select="w:lamba(waya, @bayyana)"/>`

Ranar da na buɗe shafukan gwaji na tarar da lambar kowa a fili, har da ta waɗanda aka rubuta musu false ƙarara, sai na fara zargin Java, daga nan na koma kan tsohon injin da ke gudanar da takardun. Dukansu ba su da laifi. Injin ƙa'idar XPath 1.0, harshen da ake rubuta jimlolin cikin XSLT da shi, ya bi sau da ƙafa, ni ne ban karanta ƙa'idar da kyau ba.

XSLT 1.0 da XPath 1.0 sun zama ƙa'ida ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, a ranar 16 ga Nuwamba, 1999, kuma nau'in ƙima huɗu kawai XPath 1.0 ya sani: lamba, zaren haruffa, tarin gaɓoɓi (wato sassan takardar XML, irin su sifa), da buliyan, wato ƙimar da ba ta wuce gaskiya ko ƙarya, wadda ta samo sunanta daga George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. Duk inda ake bukatar buliyan aka kawo wani nau'i, ƙa'idar ba ta ƙi karɓa, juya shi take yi. Lamba gaskiya ce muddin ba sifiri ba ce kuma ba NaN ba, wato alamar "ba lamba ba". Tarin gaɓoɓi gaskiya ne muddin akwai ko da gaɓa ɗaya a cikinsa. Zaren haruffa kuwa gaskiya ne muddin tsawonsa ya wuce sifiri, ba tare da an duba abin da haruffan suka ce ba. To abin da layina ya tambaya ke nan: shin sifar tana nan? Tana nan, saboda haka amsa gaskiya ce. Da na gane haka sai na canza zuwa string(@bayyana), ina ganin na yi dabara, amma zare mai haruffa biyar ba fanko ba ne, sai aka sake samun gaskiya. A karo na uku na ƙirƙiri ma'ajiya da xsl:variable, na sa xsl:choose a cikinta yana fitar da true() ko false() ta hanyar xsl:value-of, nan ma gaskiya ce ta isa Java kowane lokaci, domin ma'ajiyar da aka cika ta ciki, ba ta sifar select ba, guntun bishiya take zama, shi kuma ana ɗaukar sa kamar tari mai gaɓa ɗaya. Gwaji uku, sakamako ɗaya, kuma babu saƙon kuskure ko guda. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne @bayyana = 'true', wanda ke haifar da buliyan na ainihi kafin a miƙa shi.

Matsalar ta warware, amma shirun ya tsaya mini a rai, shi ya sa na nemi injin da zai yi magana idan na sake yin irin wannan kuskure.

Saxon aikin Michael Kay ne, wanda shi ne editan ƙa'idar XSLT 2.0 ta watan Janairu 2007 da ta XSLT 3.0 ta watan Yuni 2017, kuma kamfaninsa Saxonica na Ingila ne ke fitar da shi. Tun daga siga ta 9.2 a 2009 aka raba shi gida uku: HE, wanda kyauta ne kuma kod ɗinsa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin Mozilla, sai PE da EE waɗanda ake biya. Wanda na yi aiki da shi shi ne HE na Java, siga ta 12. Shigar da shi cikin aikin bai ɗauki lokaci ba, layi kaɗan ne a fayil ɗin Maven, manhajar da ke haɗa ayyukan Java, kuma ba ni da abin cewa a kai.

Inda na fara cin karo da shi shi ne wurin haɗa aikin ƙarin. A injinan XSLT 1.0 na Java, irin su Xalan na Apache, an saba da hanya mai sauƙi: a rubuta sunan ajin Java a matsayin farfajiyar suna a saman takarda, injin da kansa ya leƙa cikin ajin ya nemo aikin da sunansa ya dace. Saxon yana da irin wannan, amma a PE da EE kaɗai. A HE dole ne mutum ya rubuta aji na musamman ga kowane aikin ƙari, ya yi masa rajista da registerExtensionFunction kafin a harhaɗa takardar. Hanya mafi sauƙi ita ce ExtensionFunction ta s9api (kayan da Saxon ya tanadar don a kira shi daga Java), wadda ke neman abubuwa huɗu: sunan aikin, nau'in abin da zai dawo da shi, nau'in kowane abu da za a miƙa masa, sannan aikin kansa. Ga yadda na bayyana gurbi na biyu:

`SequenceType.makeSequenceType(ItemType.BOOLEAN, OccurrenceIndicator.ONE)`

A ranar farko na ɗauki wannan a matsayin wahalarwa, har na ce a raina an ɗora wa mai amfani da na kyauta wannan nauyi ne don ya gaji ya sayi na kuɗi. Rubutun yana da yawa, wannan gaskiya ne: aikin da jikinsa bai wuce layi shida ba ya koma aji mai layi talatin da wani abu, kuma wanda yake da ayyukan ƙari ashirin zai ji a jikinsa. Amma wannan layi ɗaya da ke sama shi ne ainihin abin da na zo nema ba tare da na sani ba. Da shi na faɗa wa injin cewa gurbin nan buliyan ɗaya yake karɓa, ba ƙasa da ɗaya ba kuma ba fiye ba, kuma daga nan duk abin da ya zo ƙofar sai an auna shi da wannan magana.

Na mayar da kurakuraina uku ɗaya bayan ɗaya don in ga yadda zai yi da su. Na farko, miƙa @bayyana kai tsaye, ya yi aiki daidai, abin da ban zata ba. Dalili shi ne tun daga XPath 2.0, idan aiki ya bayyana cewa ƙima guda yake so aka kawo masa gaɓa, ana fara ciro abin da ke cikin gaɓar, kuma idan takardar XML ba ta bi ta hannun wani tsari da ya ba sifar nau'i ba, abin da aka ciro yana zama xs:untypedAtomic, wato ƙimar da ba a yanke mata nau'i ba tukuna. Irin wannan ƙima ana zuba ta cikin nau'in da gurbin ya nema bisa ƙa'idar XML Schema, ita kuwa wannan ƙa'ida karanta haruffan take yi: true da 1 gaskiya ne, false da 0 ƙarya ne. Layin da ya tona lambobin mutane a tsohon injin, shi ne dai, ba a canza masa ko ɗigo ba, ya rufe su a nan. Na uku ma, ma'ajiyar da aka cika ta ciki, ya wuce lafiya ta wannan hanya, domin bishiyar wucin gadi ce mai ɗauke da rubutun false, aka ciro rubutun aka zuba shi.

Na biyu ne ya fi burge ni. Da na rubuta string(@bayyana), takardar ba ta ma kai ga gudana ba. Tun a wurin harhaɗawa Saxon ya tsaya da kuskure mai lamba XPTY0004, ya faɗi layin, ya faɗi cewa gurbi na biyu na aikin xs:boolean yake bukata alhali abin da aka kawo xs:string ne. Bambancin yana da siriri amma yana da ma'ana. Ƙimar da ba ta da nau'i ana iya fassara ta, amma wadda marubuci ya ce da bakinsa zare ce, ba a mayar da ita buliyan a ɓoye. Haka ya yi da na miƙa 'false' cikin alamar zance, haka kuma da na miƙa count(waya) ina nufin "idan akwai waya": lamba ba buliyan ba ce, sai dai in rubuta exists(waya) ko in kira boolean() da kaina, ta yadda duk wanda ya karanta takardar bayana zai ga cewa da gangan aka yi.

Akwai wani kuskure da kusan duk wanda ya zo daga Java ko JavaScript yake yi, wato rubuta true ko false tsirara ba tare da baka biyu a bayansu ba. XPath ba shi da waɗannan kalmomi a matsayin ƙima, ayyuka ne guda biyu, true() da false(). Wanda ya rubuta true tsirara, abin da ya ce shi ne a nemo masa sashe mai suna true a ƙarƙashin inda yake tsaye, kuma tun da babu shi, fanko ake samu. A XPath 1.0 fanko ƙarya ne, saboda haka false tsirara yana yin kamar yana aiki, true tsirara kuma ya ba da akasin abin da aka nufa, wanda hakan ya sa kuskuren yake iya kwana shekaru a takarda ba a gan shi ba. Da gurbin da aka bayyana da ONE, Saxon ya ƙi karɓar fankon, ya ce ba a yarda da jeri marar komai a wannan gurbi ba.

Wannan tsanani yana da farashinsa, kuma rajistarmu ta nuna mini shi tun a gudu na farko. Wasu tsofaffin bayanai ba su da sifar bayyana sam, sai juyin ya tsaya cak a kan na farkonsu. Wasu kuma wani shiri ne dabam ya fitar da su, ya rubuta True da False da babban baƙi a farko, kamar yadda Python da .NET suke yi idan aka ce su mayar da buliyan rubutu. XML Schema ba ta san waɗannan ba, ƙananan baƙaƙe kawai take karɓa, duk da cewa tana yafe fili a gaba ko a baya, saboda haka aka samu FORG0001. Ko yes da no ba su shiga, kuma wannan yana iya rikita mutum, domin XSLT 3.0 a sifofinsa na kansa, irin su indent, yana karɓar yes da true da 1 a matsayin abu ɗaya, amma wannan sassauci bai shafi xs:boolean ba. Bayani ɗaya marar kyau a cikin dubbai yana hana a samu shafi ko ɗaya, kuma wanda yake gudanar da juyi da dare ba tare da mai tsaro ba zai wayi gari hannu rabbana. Na fi son haka a kan tona lambar wanda bai yarda ba, amma ba kowane aiki ne yake da irin wannan nauyi ba, kuma ya kamata mai ƙaura zuwa Saxon ya sani cewa bayanan da tsohon injinsa yake haɗiyewa shiru za su fito fili gaba ɗaya a mako na farko.

Kayan gyaran suna nan a HE ba tare da an biya komai ba. Ana iya tambaya da castable as xs:boolean kafin a zuba, ana iya kewaye kiran da xsl:try, ana iya sauke baƙaƙen da lower-case(). Abin da na zaɓa shi ne ƙaramin xsl:function a cikin takardar, mai as="xs:boolean", wanda ke karɓar sifar ko babu ita, ya dawo da lower-case(normalize-space($s)) = ('true', '1'). Duk abin da ba a gane ba ƙarya ne, wato a rufe lambar. Hukuncin abin da za a yi da bayanin da ya ɓace yanzu a rubuce yake a wuri ɗaya da kowa zai iya karantawa, ba a cikin Java ba kuma ba a cikin ɗabi'ar injin ba. Da na so, da na bayyana gurbin da ZERO_OR_ONE na bar Java ta yanke hukuncin, amma a ganina wannan tura matsala ce zuwa inda masu gyara takardar ba sa dubawa.

Kada a ɗauka cewa Saxon ya kashe tsohuwar ƙa'idar, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsananin nan a bakin ƙofar aiki yake, inda aka bayyana nau'i. A cikin xsl:if da xsl:when, da cikin and da or da not(), har yanzu XPath 2.0 da 3.1 suna bin kusan abin da 1.0 yake bi: gaɓar da take nan gaskiya ce, zaren da ba fanko ba gaskiya ne. Saboda haka test="@bayyana" yana nan yana tambayar ko sifar tana nan, boolean('false') gaskiya ne, alhali xs:boolean('false') ƙarya ne, sunaye biyu masu kama da juna da amsa biyu masu karo da juna. Wanda ya rubuta w:lamba(waya, boolean(@bayyana)) don ya "taimaka" wa injin, ya dawo da tsohon kuskurena da hannunsa, kuma Saxon ba zai ce uffan ba, tun da buliyan na gaskiya aka miƙa masa. Ba laifin injin ba ne, ƙa'idar W3C ce, amma mai saye ko mai saukewa ya san iyakar kariyar da yake samu. Ko a EE, inda ake iya tantance takardar XML da tsari har sifar ta zama xs:boolean tun daga tushe, test="@bayyana" gaɓar yake dubawa, sai an rubuta data(@bayyana) kafin a kai ga ƙimar.

Wani wurin da ya kusa kayar da ni shi ne sifar version da ke saman takarda. Saxon yana karɓar takardar da aka rubuta mata version="1.0", sai ya gudanar da ita cikin yanayin dacewa da tsohuwar ƙa'ida, wanda hakan alheri ne ga mai tsofaffin takardu da yawa. Sai dai akwai jimlolin da ma'anarsu take juyawa gaba ɗaya dangane da wannan lamba. Ɗauki @bayyana = true(). A ƙarƙashin 1.0, idan aka kwatanta gaɓa da buliyan, gaɓar ce ake mayarwa buliyan ta hanyar tambayar ko tana nan, don haka bayyana="false" daidai yake da true(). A ƙarƙashin 2.0 ko 3.0 kuwa, abin da ke cikin sifar ake zubawa cikin xs:boolean, sai amsar ta zama ƙarya, kamar yadda mai karatu zai zata. Ina da takardu biyu, babba da wadda take shigo da ita ta xsl:import, na ɗaga lambar ɗaya na manta da ɗayar, sai jimla iri ɗaya ta riƙa ba da amsa biyu a cikin juyi ɗaya. Na ɓata rabin yini kafin idona ya kai kan layin farko na fayil ɗin.

Buliyan ba daga XML kaɗai yake shigowa ba, yana kuma zuwa daga wajen takardar ta xsl:param, kuma nan Saxon ya yi tsari mai kyau a layin umarni. Idan aka rubuta gwaji=false, ƙimar tana shiga a matsayin wadda ba ta da nau'i, saboda haka idan an bayyana as="xs:boolean" a kan xsl:param ɗin, za ta zama ƙarya ta ainihi. Idan ba a bayyana ba, za ta zauna a matsayin rubutu, kuma test="$gwaji" zai ce gaskiya. Idan aka sa alamar tambaya a gaba, ?gwaji=false(), to jimlar XPath ce ake lissafawa, buliyan ne yake shiga ko an bayyana ko ba a bayyana ba. Masu amfani da xsltproc na libxslt sun san irin wannan rabo tsakanin --param da --stringparam. Daga cikin Java kuwa, new XdmAtomicValue(false) ake miƙawa, wanda ya sa kalmar cikin alamar zance ya miƙa zare ne, kuma xsl:param mai nau'i zai mayar masa da shi da kuskure. Ɗabi'ar da na koya daga nan ita ce kada in bar xsl:param ko xsl:variable na e ko a'a ba tare da as ba, ko da kuwa ƙaramin abu ne.

A ɓangaren Java abin ya yi sauƙi fiye da yadda yawan rubutun ya nuna. Tun da injin ya riga ya tantance, jikin aikin ba ya bukatar wani bincike:

`boolean bayyana = ((XdmAtomicValue) args[1].itemAt(0)).getBooleanValue();`

Hanyar dawowa ma ana tsaron ta. Ina da wani aiki na biyu da ke duba ko lamba ta cika sharuɗɗa ya dawo da e ko a'a, kuma da na bayyana sakamakonsa buliyan ne sannan na yi ganganci na dawo da zaren "false" don gwaji, injin ya kama shi a wurin. A tsarin da babu wannan tsaro, zaren zai shiga xsl:if a karanta shi gaskiya, wato tsohon ramin nan ne aka faɗa ta ɗaya gefen.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a karanta a bayanin ExtensionFunction kafin a yi nisa: an gina ta ne a kan zaton cewa aikin ba ya canza komai a waje, kuma ba ya dogara da inda aka tsaya a cikin takarda. Saxon injin ne mai sake tsara jimloli don sauri, yana iya ɗage kira daga cikin maimaici, ko ya ƙi yin sa gaba ɗaya idan ya ga ba a amfani da sakamakon. Aikin da ke rubuta wani abu a fayil sannan ya dawo da true don ya ce ya gama, wanda mutane da yawa suke rubutawa, yana iya ƙin gudana idan an ajiye sakamakonsa a ma'ajiyar da ba a taɓa karantawa ba. Irin wannan sai a koma ga babbar hanyar, ExtensionFunctionDefinition tare da ExtensionFunctionCall, inda ake iya cewa hasSideEffects gaskiya ne, a kuma bayyana gurbin da SequenceType.SINGLE_BOOLEAN. Rubutun nan ya ma fi na farko yawa, aji biyu ga aiki ɗaya. Haka kuma XPath 1.0 ya yi alkawarin cewa a jimlar and ana fara lissafa hagu, idan ƙarya ne ba a taɓa dama, amma daga 2.0 an bar wa injin zaɓin wanda zai fara da shi. Wanda yake so hagu ya tsare dama, misali kada a kira Java sai an tabbatar akwai lamba, if da then da else zai rubuta.

Game da PE da EE, inda injin ke nemo aikin Java da kansa, abin da ya shafi wannan batu shi ne yadda yake zaɓa idan ajin yana da ayyuka biyu masu suna ɗaya, ɗaya mai karɓar boolean ɗaya mai karɓar String. Yana yanke hukunci ne tun a wurin harhaɗawa bisa nau'in da ya iya ganowa, kuma idan bai iya bambancewa ba yana tsayawa ya nemi a fayyace, maimakon ya yi canke. Sauƙi ne na gaske ga mai tsofaffin takardu masu kiran Java a wurare da yawa, kuma shi ne babban dalilin da zai sa irin wannan mutum ya biya. Ga aiki irin nawa mai ayyukan ƙari uku, rubuta azuzuwan da hannu ya ishe ni, har ma na fi son sa, tun da nau'in kowane gurbi ni na faɗa, ba injin ne ya hango ba, kuma takardar ba ta iya kiran kowane ajin Java sai wanda na yi wa rajista, abin da ke da amfani idan wasu ne suke rubuta takardun.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne gwaji daga layin umarni. Tun da rajistar a cikin Java ake yin ta, takardar da ke kiran aikin ƙari ba ta gudana da umarnin Transform tsurarsa, sai an rubuta wani aji mai bin Initializer an nuna shi da -init, ko kuma a rubuta ɗan shirin da zai ɗaga komai. Ƙarin mataki ne ga wanda kawai yake so ya canza layi ɗaya ya ga sakamako. Bayanan Saxonica suna da zurfi kuma daidai suke, amma an rubuta su ne ga wanda ya riga ya san kalmomin ƙa'idar W3C, kuma sabon shiga zai yi ta kai da komo tsakanin shafin ayyukan ƙari da ƙa'idar XPath kafin ya gane dalilin da ya sa sifa ta wuce zare kuma ya maƙale. Saƙonnin kuskuren su ne suka cike wannan giɓi, domin kowanne yana ɗauke da lambar da ƙa'idar ta ba shi, da layi, da gurbin da abin ya shafa, da nau'in da aka nema da wanda aka samu.

Wanda takardunsa na 1.0 suke aiki lafiya, kuma ya riga ya saba da rubuta kwatanci irin @bayyana = 'true' kafin ya miƙa komai ga aikin ƙari, wannan batu kaɗai bai isa ya sa shi ƙaura ba, musamman idan dandalinsa .NET ne ko PHP inda injin 1.0 yake zuwa a haɗe. Wanda yake kan Java, kuma amsar e ko a'a da yake miƙawa tana yanke abin da za a nuna da abin da za a ɓoye, ina ba shi shawarar HE ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya ware kwana biyu ko uku don rubuta azuzuwan, ya ɗaga version a kowane fayil ba a babba kaɗai ba, sannan ya bi duk xsl:if da ke cikin takardunsa da ido, tun da can injin ba zai taya shi gani ba. A namu takardun na samu guda huɗu masu test="@bayyana", kuma biyu daga cikinsu suna yanke ko a nuna adireshin imel ne.